Kwanon Yaya Mai Wanki

'Yata, ki yi haƙuri da na dame ki da takarda kuna cikin zaman makoki. Saƙonki ya iso gare ni ranar Talata, tara ga wata, cewa Allah Ya yi wa mahaifiyarki rasuwa, an yi mata sallah an kai ta makwancinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Yaya Mai Wanki nake kiran ta. Lokacin da na kawo maigidana asibitin ƙasarku aikin ƙoda, ban san kowa ba. Ita ta tsince ni a matakalar bene ina kuka, ta ajiye kwandon zannuwan gado ta zauna kusa da ni. Ita ta nuna mini motar da zan riƙa hawa da famfon da ke kawo ruwan ɗumi, ta cire rigar sanyinta ta ba ni. Kwana arba'in da ɗaya, kullum da azahar sai ta miƙo mini kwano a rufe, ta ce, "Baƙuwata, ci. Kin fi majinyacin ramewa."

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ban taɓa ganin ta da mayafi ba sai hular aiki, kuma na ji nauyin tambayar addininta. Sai na yi shakkar yankan naman da ke cikin abincin. Kullum sai in zagaya bayan ɗakin wanki in juye wa kyanwoyi, in wanke kwanon, in ce mata ya yi daɗi. Jin haka har ƙara mini nama ta riƙa yi. Sai da na karanta an sallace ta na gane abin da na aikata.

Yaya, kin ciyar da ni don Allah, ni kuwa na zarge ki a zuci, na yi miki ƙarya a baki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙurin rashinki.

'Yata, tagar ɗakin wankin tana kallon wurin da nake juye abincin; sai yanzu na tuna. Ta taɓa gaya muku ta gan ni? In ta gani, ta ce ta yafe? In kuwa ba ta sani ba, ku da ta bari nake roƙo ku yafe mini. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.