Matar da Yaya Ta Yi Ta Nema

Shekara tara yayata ta yi tana yi wa mata tambayoyin da ko uwar da ta haife su ba ta taɓa yi musu ba. Yaushe kika fara al'ada? Ciki nawa, ɓari nawa? In maigida ya kusance ki, kina jin zafi? Kina ganin jini bayan nan? Masu bincike kan lafiyar mata ne suka ɗauke ta, suka ba ta jaka da takardu, suka zaunar da ita a wani ɗan ɗaki a bayan asibitin unguwarmu, mai tebur ɗaya da kujera biyu da labule kore. Matan unguwa Anti Tambaya suke ce mata. Ni ƙanwarta ce, ɗinki nake yi, shagona yana kallon ƙofar asibitin, kullum a kan idona take shiga take fita.

Ta iya aikin nan, ba don tana yayata ba. Mace za ta shigo tana rufe baki da gefen mayafi, sai Yaya ta sunkuyar da kai kan takarda kamar ba ruwanta, ta ce, "Ke dalla saki jikinki, abin da ke jikinki shi ke jikina." Kafin a jima sai ka jiyo dariya ta bayan labule. Matar da ta shekara goma tana ɓoye ciwo, a gaban Yaya take zazzage shi tas.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo sabon bincike, na sankarar bakin mahaifa. Ba sai mace ta hau gado an duba ta ba. Za a ba ta ɗan tsinke mai auduga a kai, ta shiga bayan labule ita kaɗai, ta ɗebo abin gwajin da hannunta, ta sa a 'yar kwalba. Ba a rubuta suna a jikin kwalbar, lamba kawai ake mannawa. Suna da kwatancen gida suna cikin wani littafi daban, a hannun Yaya. In sakamako ya dawo da jan layi, sai a buɗe littafin, a bi matar har gida, a kawo ta Sista ta duba, a yi mata magani tun abin bai yi nisa ba.

Dokoki biyu Dakta, shugabar binciken, ta kafa musu ranar da aka fara. Ma'aikaciya ba ta shiga binciken da take yi wa aiki. Kuma duk wadda aka kama da takardar ƙarya ko guda ɗaya, za a zubar da duk takardun da suka bi ta hannunta. Yaya mutum ce da in an ce kar a taka nan, ko wuta ta biyo ta sai ta kewaya.

Ni abin da na fara lura da shi, Yaya ta daina kawo min yadi mai haske. Daga baƙi sai ruwan ƙasa. Ga turare da take zubawa har ya hau kai. Na tsokane ta, na ce, "Yaya, amarci ake sabuntawa ne?" Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. Ta yi yaƙe, ta ce in ji da keken ɗinkina.

Wata rana da azahar ta shigo shago, ta ja ƙofa, ta zauna kan tulin yaduka.

"Zan gaya miki magana, amma kar ki yi min ihu."

Ashe ta kusa wata takwas tana ganin jinin da ba na al'ada ba. Tambayar da take yi wa mata sau ashirin a yini, ita ce amsarta. Ta kasa kwanciya a gaban Sista, wai da wane ido za ta kalli matar da suke cin abincin rana a kwano ɗaya? Ga doka ta hana ta shiga layi. Sai ta jira ɗakin ya zama ba kowa, ta ɗauki tsinke, ta shiga bayan labule, ta manna wa kwalbar lamba ɗari huɗu da sha biyu. A littafin kuma ta ƙirƙiri mace: shekara arba'in da ɗaya, 'ya'ya huɗu, ɓari ɗaya, gida na uku bayan injin niƙa. Komai nata ne, ban da sunan da gidan.

"To, sakamakon fa?"

"Ja ne."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Tashi mu je wurin Dakta yanzu."

Ta riƙe min hannu. Mata ɗari uku da wani abu ne suka bi ta teburinta, ta ce, ashirin da bakwai cikinsu masu jan layi ne, suna jiran a kira su magani. In aka zubar da takardunta, wa zai kira su? Ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta san 'ya'yansu, ita ta lallashe su suka yarda. "Bari a gama da su tukuna," in ji ta. "Wata biyu ne."

Na yi mata ihun da ta ce kar in yi. Na ce kina da hankali kuwa? Na ce to mu tafi babban asibiti, inda ba wanda ya san ki. Ta ce ranakun aiki ake ganin likita a can, in ta nemi hutu za a tambaye ta dalili. Kullum da abin da za ta faɗa. Ni kuma na yi shiru, don ta rantsar da ni, kuma tun muna yara ban taɓa tsallake maganarta ba. Wannan shirun har gobe ban yafe wa kaina ba.

Abin takaicin ma yana gaba. Tunda sakamako ya yi ja, dole a nemo lamba ɗari huɗu da sha biyu. Wa za a aika? Yaya mana, ai ita ta rubuta ta. Daga bakin shagona na ga ta shiga farar motar ofis, direba ya ja suka tafi bayan injin niƙa. Ta sauka, ta yi sallama a gida na uku, ta tambayi sunan da ita ta ƙirƙira. Aka ce ba a san ta ba. Direban nan bawan Allah har layi biyu ya ƙara zagayawa, yana ta faɗa, wai matan nan ba sa son kansu, a zo a cece ki ki ba da kwatancen ƙarya. Yaya na zaune a bayansa, ta ninka tsumma biyu a ƙarƙashinta.

Sau uku ake zuwa kafin a rufe fayil. Sau uku ta je. A na ukun ta rubuta da hannunta: ba a same ta ba.

Wata biyun nan suka zama biyar, don na'urar da ake yi wa matan magani da ita ta lalace, aka yi ta jiran gyara. Da aka gama da ashirin da bakwai, sai aka shiga zagaye na biyu, wasu jajayen suka fito. Yaya ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Mijinta ya ce aiki ne ya yi mata yawa, ya sayo mata maganin ƙarin jini a kemis. Wata goma sha huɗu cif muka yi a haka.

Ranar da abin ya fito fili, tana tsakiyar yi wa wata tambayoyi ne ta sulale daga kujera. Matar ce ta fito da gudu tana salati. Sistar da ake jin kunyarta ita ta ɗora ta a gado ta duba, ta fito tana share ido da bayan hannu. A babban asibiti suka ce abin ya wuce bakin mahaifa, ya bazu. Suka rubuta mana maganin rage zafi, suka sa sunanta a dogon layin masu jiran magani a wani gari, wai za su kira mu. Likitan bai ɗago ya kalle mu ba da na tambaye shi ko akwai rai a gaba.

Bayan sati biyu Dakta ta zo gaishe ta a gida, daga ofis take, da kwamfutarta a jaka. Yaya ta sa na tayar da ita zaune, na jingina ta da filo.

"Dakta, ina da laifin da zan faɗa. Ɗari huɗu da sha biyu ni ce."

Dakta ta jawo jakarta. Sai ta ciro kwamfutar, ta ɗora a cinya, ta nemo lambar. Ta danna wani abu, layin ya ɓace.

"Shi ke nan?" in ji Yaya.

"Shi ke nan."

"Sauran matan fa? Kin ce za a zubar da duka."

"Haba, Anti. Don kar a yi mana wasa da aiki na faɗa. Wa zai zubar da mata ɗari uku saboda takarda ɗaya? Da kin zo min bara, a ranar zan sa a duba ki."

Na so in ɗauki kwamfutar nan in rotsa ta da bango. Ita ma Daktar kuka take yi, don haka na rasa wanda zan zaga. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ce in kwantar da ita, ta juya fuskarta wajen bango.

Tun ranar ba ta ƙara yi min maganar aikin ba. Na rufe shago, na dawo ɗakinta. Ina juya ta safe da yamma, ina canja zanen gado sau uku a yini. Daga babban asibiti har yau ba a kira mu ba.