Manu Mai Gawo

An haifi Manu a wata ruga gabas da Fammar, ya tashi yana bin shanun mahaifinsa. Da damina ta fara gardama, burtali kuma ya tsuke, shanun suka yi ta raguwa har suka koma huɗu. Sai ya kama noma, ya haɗa da kiwon awaki.

Bayan dawowar mulkin farar hula, ƙaramar hukuma ta fito da shirin dashen itatuwa saboda zafi da zaizayar ƙasa. Aka kawo dashen bishiyar turare mota guda, aka jera a bakin gonaki. A shekarar ruwa ya ɗauke sati uku ana tsakiyar damina, wanda rana ta bari kuma gara ta cinye.

Da rani malamin gona, Malam Dalhatu, ya zo ganin abin da ya rage. Sai ya tarar da gonar Manu cike da ƙananan gawo, kore shar.

Ya ce, "Malam Manu, wa ya ba ka wannan dashen?"

Manu ya ce, "Awakina. In sun ci 'ya'yan gawo, ƙwayar takan fito a kashinsu ta yi laushi, sai ta tsiro. Nawa dai kar in sare, in kewaye da ƙaya."

"Ba ya danne dawa?"

"Ai da damina yake zubar da ganye. Dawar gindinsa ta fi ta ko'ina."

Malam Dalhatu ya kai maganar sakatariya. Aka kafa kwamiti na makiyaya da manoma, aka sa Manu tare da arɗo da masu unguwanni. Taro biyu ya halarta, ya ce shi bai iya zaman benci ba, mai son ji ya same shi a gona. Haka ya shekara shida yana hawa bayan babur ɗin Malam Dalhatu, ƙauye-ƙauye, yana nuna wa mutane tsiron da za su bari. Wasu suka bi, wasu suka jira ya girma suka yi itacen girki.

Da aka yi sabon zaɓe, kwamitin ya daina zama. Manu bai tambayi dalili ba. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar wa surukinsa gonar, ya koma Rurum wajen 'yarsa Huseina. Ranar kasuwa akan kai shi rumfar masu awaki, ya wuni yana sauraren ciniki.