Fatar da Na Ɓoye a Bayan Tankin Ruwa

Iya, mahaifiyar babana, ba ta iya ba da tatsuniya a zaune ba. Lokacin sanyi, bayan magariba, mukan hau saman gidanmu a unguwar Anbariyya, cikin birnin Madina, ta hura gawayin shayi, ta rataya zani a igiyar shanya ya zama labule. Sai ta raba mana matsayi kamar masu wasan kwaikwayo. In ta ce, "Ga ta nan ta fito daga ruwa," mu ce, "Ta zo mu gani."

Akwai guda da na tsana. Iya ta ce a bakin tekun Jidda ta ji ta, lokacin tana sayar da abinci ga ma'aikatan jirgin ruwa, daga bakin wani mutumin ƙasar ƙanƙara. Wai a can akwai wata dabbar teku mai kai irin na kare, jiki sumul, ido kamar na mutum. Takan fito gaɓa ta tuɓe fatarta, sai ga mace. Wani masunci ya sace fatar ya ɓoye, ta rasa hanyar gida, ta aure shi har suka haihu. Ranar da ta gano fatar, ta bar tukunya a wuta ta faɗa ruwa, 'ya'yanta na kira ba ta waiwayo ba.

Buzun sallar Iya ne fatar. Wata rana yara suka yi kaɗan, ta ce, "Yalla, maza Hadiza, zo ki zama matar teku." Hadiza ita ce Ummata, wadda aka auro daga Kano. Umma ta yafa buzun tana dariya, ta shige bayan labule. Hasken gawayi ya nuna inuwarta tana ƙanƙancewa, sannan babu. Shekarata takwas. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, domin na san inda fatar Umma take: koren fasfonta, a ƙasan akwati. Mu duka 'yan ƙasa ne, ita kaɗai ke da wani gidan.

Washegari na ɗauke shi, na naɗe a leda, na cusa bayan tankin ruwa.

Wata biyu ba wanda ya lura. Sai aka bugo waya cewa mahaifin Umma yana kwance, yana kiran sunanta. Aka birkice gidan. Babana ya zazzage akwatuna, Umma tana ɗaga katifu tana kuka marar sauti. Ni kuwa ina taya su nema, kwana huɗu cur. Duk sanda bakina ya buɗe, sai in tuna inuwar nan.

A rana ta biyar Iya ta kira ni sama, mu biyu kawai. Ba ta hura wuta ba. Ta ɗora min buzun a cinya.

"Ya binti, 'yata, yau ke ce masuncin. Ga matar can a ƙasa tana kuka. Yi mana wasan in gani."

Na ce, "Iya, in ta tafi ba za ta dawo ba."

"Mumkin, mai yiwuwa ne. Amma wadda aka ɓoye wa fata, ko tana ɗakinki ba taki ba ce. Tashi."

Na tashi na ciro ledar. Umma ta karɓa, ta dube ni, ta juya ta hau haɗa kaya. Kafin a gama takardu ta sauka Kano, an yi kwana biyu da binne mahaifinta.

Na ƙirga kwana arba'in ina leƙen titi. Ta dawo, har da ƙuli-ƙulina a jaka.

Bayan shekaru, ina karatun haɗa magunguna a wata ƙasa mai sanyi, ƙawaye suka ja ni kallon wasa a dandamali, sai ga labarin Iya. Mutane suna share hawaye saboda yaran da aka bari. Ni hannun masuncin nake kallo, yadda yake tura fatar ƙarƙashin dutse a hankali, da ƙauna. Ban iya zama har ƙarshe ba.

Umma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Amma har yau, in na raka ta filin jirgin Madina, tana gyara mayafi sai ta miƙo min fasfon ta ce, "Riƙe min." Kullum sai na ɗan ƙara riƙe shi kafin in mayar mata.