Ƙwan da Inna Ta Binne

Ƙanwata ce ta jawo mana, da bakinta da ba ya shiru. A wani ɗakin bincike take aiki a Abuja, kullum ta je ta dawo Suleja. Wata rana muna cin tuwo ta ce a wasu ƙasashe masana kan sauya wa ƙwayar cutar mura halitta, ta ƙara ƙarfi, wai don su san maganinta tun kafin ta ɓulla. Kuma a cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayar. Inna, mahaifiyarmu, ta ajiye lomarta.

Ranar Asabar sai ga ƙanwata da kiret ɗin ƙwai daga kasuwar Diko. Har na yanka albasa na ɗora kasko, ina waiwayowa babu ƙwai. Ashe Inna ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne su duka, ta danne da dutse.

Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa. Ƙanwata ta rantse a kasuwa ta saya, kuma su ba sa irin wannan aikin. Ta ce inda ake yi ma, ƙofa ce bayan ƙofa, ko iska ba ta fita sai an tace ta.

Inna ta ce, "Wa ke rufe ƙofofin?"

"Ma'aikata mana, irina."

"Irinki? Ke da kika bar ƙofar gida a buɗe jiya, akuya ta cinye mini alayyafo?"

Ranar gayan burodi muka ci.