Zanen Bakin Ƙofa

Har yau in na ji an ƙyasta ashana, sai tafin ƙafata ta dama ya yi sanyi. Bari in gaya muku dalili.

Ina yarinya muna zaune a ƙasar waje, a wani bene kan titin Gate City Boulevard, lokacin ana ce masa High Point Road. Ƙofarmu na kallon ta wasu Indiyawa. Kakata ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, Turanci kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji.

Wata rana, ganye ya fara zuba, sanyi ya kawo kai, na dawo makaranta a guje na taka wani abu a barandar da ke tsakaninmu da su. Zane ne na gari, ja da fari da rawaya, ya miƙo har dokin ƙofarmu. Kaka ta ga jan a takalmina, ta leƙa waje, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Tsallakawa kika yi ko takawa?"

"Takawa, Kaka."

A garin su Kaka, in an barbaɗa abu a ƙofar mutum, sammu ne, wanda ya taka ƙafarsa shanyewa take yi. Baba da Mama suna wurin aiki. Kaka ta zaunar da ni, ta wanke ƙafar da ruwan gishiri, tana tofa Falaƙi da Nasi. Ni kuwa ina ta motsa yatsuna in ji ko sun fara mutuwa.

Da magariba muka ji ƙyas a bayan ƙofa. Aka sake ƙyastawa. Haske ya shigo ta ƙarƙashi, da ƙamshin wani turare da ban sani ba.

"Sun zo ƙarasawa," in ji Kaka. Ta tura ni bayanta.

Aka ƙwanƙwasa. Ta buɗe da carbi a hannu. Tsohuwar gidan Indiyawan ce riƙe da faranti na alewar madara, da jikarta, ga 'yan fitilun yumɓu jere a ƙasa. Tsohuwar ta dubi sawuna a tsakiyar zanen, ta yi dariya, ta durƙusa tana gyarawa da yatsa. Jikar ta ce mini Diwali ne, bikinsu na fitilu, zanen kuma na tarbar baƙi ne. Na fassara wa Kaka.

"Au, sallarsu ce? To ba sai ta yi magana ba!"

Washegari ta aika musu da waina. Amma sai da ta sake duba ƙafar.

Kaka ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Bana wata maƙwabciya Ba'indiya a unguwar Sedgefield ta gayyace mu cin abinci. Ina ganin irin zanen nan a ƙofarta na tsaya cak, ina karanta addu'a a zuci. Autata ta ja mayafina, ta ce da 'yar Hausarta:

"Umma, zo mana. Don ki shigo aka yi shi."