Rabin Yinin da Na Hana Yaya Laminu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Laminu, Allah Ya jiƙansa. Mutanen Magariya da suka san rumfarsa ta bayan tasha za su tuna shi: mai liƙe buta da fitila da dalma, wanda in aiki ya lafa sai ya koma ƙera ƙananan motoci. Amma kada ka kuskura ka ce masa kayan wasa ne. Ranar ba za ka sha shayinsa ba.

A-kori-kura kawai yake ƙerawa, irin kat-kat ɗinmu masu ja da taya huɗu, waɗanda muke ƙara wa lam, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota, mu ɗaga su sama don kada yashin hanyar Dungas ya riƙe cikinsu. Jiki na gwangwanin madara, taya daga tsohon silifa, lam kuma daga ƙarfen ɗaurin dila. Ba ya ƙera mota da ka. Sai ya kwanta ƙarƙashinta ya auna da tafin hannunsa, kowane taƙi ya karce shi da ƙusa, sa'annan ya mayar da shi faɗin yatsa ɗaya a ƙaramar. Har lotsewar ƙofa sai ya saka. Direbobi na ganin tasu a kan tebur suna cewa, "Wallahi ita ce."

Ni ma direba ne, kuma tawa ce ya fara bai gama ba. Ya yi kai, ya yi bodi, saura ƙasa. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba.

"Hamisu, ka tsayar min da ita rabin yini."

Ina na ga rabin yini? Yau kasuwar Mallawa, gobe Dogo-Dogo, jibi buhunan hatsi na jirana. Sau ɗaya na tsaya masa, da hantsi. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Ko minti goma ba a yi ba fasinja suka fara ƙorafi, ni kuma na danna masa oda, na ce ya fito, mutane na da abin yi. Ya fito yana kakkaɓe riga, ko fushi bai yi ba.

"To, sai ka samu sarari."

Kafin in samu sararin nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida. Matarsa, Yaya Hadiza, ta ɗauki ƙaramar motar ta ajiye a kan sif ɗinta, ba taya, zaune a kan cikinta. Har yau ina kauce wa kallon wajen in na shiga gaishe ta.

Wani lokaci nakan ce, da Yaya zai leƙo kasuwa yanzu, me zai ce? Motocin roba sun cika tebura, masu fitila da kuka, ba wadda ta yi kama da motar kowa. Na san tsaki kawai zai ja ya wuce. Abin da zai fi ba shi mamaki ni ne. Babura sun kwashe fasinja, mai ya yi tsada, injin ya buga, gwiwoyina ma sun gaji. Shekara biyu ke nan motar na tsaye a ƙofar gidana, awaki na kwana a inuwarta. Sarari kam na samu, har ya ishe ni. Mai aunawar ne babu.

Makon jiya na sallama ta ga masu yanka tsohon ƙarfe, za su zo ran Asabar. Sai Yaya Hadiza ta aiko a kira ni.

"Ƙanina, in aka yanka ta, shi ke nan ta ɗakina ba za ta taɓa tsayuwa da ƙafarta ba. Ka auna ta ko yaya ne, a ba wani ya ƙarasa."

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi, da ƙyar. Na goge ƙasa da tsatsa daga jikin shasi, sai ga karcen ƙusarsa. Guda tara ne a jere, sun taso daga gaba, sun tsaya cak a tsakiya. Daidai nan na danna oda. Na ɗora hannuna tsakanin karce biyu don in ci gaba daga inda ya tsaya, sai na ga taƙina bai kai nasa ba, saura kusan yatsa biyu. In na auna da nawa, rabin motar nasa ne, rabi nawa, kuma ba za su haɗu ba. Na daɗe kwance a wurin, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Motocinsa na nan a gidajen direbobi, wasu manyan motocin ma sun mutu sun bar ƙananan. Wannan shi ne rabon mutane daga gare shi. Nawa rabon dabam ne. Na gaya wa Yaya Hadiza ta bar ƙaramar yadda ya bar ta, na kuma gaya wa mai yankan ƙarfe ya kwashe komai, amma ya yanko min guntun shasin nan mai karce tara. Ya tambaye ni me zan yi da shi. Na ce masa awon yayana ne, bai gama ba.