Amortisar da Ta Raba Ni da Motar Gidanmu

Lokacin da abin nan ya faru ni direba ne, ban daɗe da aure ba, kuma ni ke jan tsohuwar motar kat-kat ɗin da mahaifinmu ya rasu ya bar mana ni da wana. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Dogarawa, kafin ka kai kwalta sai ka sha gargada da kwazazzabai har haƙoranka su gaisa da juna. Motar ta tsufa, fentinta ya koɗe, ƙofar direba ma da igiya nake ɗaure ta, amma rairayi da laka ba su taɓa kunyata ta ba. Ita ke kai mutane kasuwa, ita ke ɗaukar mai naƙuda, in kakar albasa ta zo kuma ita ke fitar da buhuna daga lambuna zuwa bakin titi inda manyan motoci ke jira. Wana ke da magana, ni ke da sitiyari. Haka muka taso, ban taɓa ganin laifin hakan ba.

A shekarar ne Inna, mahaifiyarmu, ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki a likita, aka sallame mu da sharaɗin mu riƙa mayar da ita ana dubawa ana motsa ƙafar, in ba haka ba za ta sandare. A daidai lokacin ne kuma amortisar motar suka mutu, wato ƙarafan nan masu mai a ciki da ke kusa da taya suna shanye girgiza. Man ya tsiyaye kaf, in ka danna bayan motar ka saki sai ta yi ta rawa kamar an buga mata kalangu. Ranar da na dawo da Inna gida a haka na ga bakin mayafinta a tsakanin haƙoranta tun daga kwalta har ƙofar gida.

Masu jigilar albasa a wajenmu suna da wata dabara. In kaka ta gabato sai su ƙara wa mota sifirin, su sa mata amortisa masu tauri irin na motar da ta fi ta girma, don a lafta mata kaya ba ta durƙusa ba. Motar da aka yi wa haka, in ba a danne ta da buhuna ba, tsalle take kamar jakin da ƙuda ya ciza. Wana ya kira ni ya ce in tafi Birnin Konni in sa irin waɗannan, kamar yadda kowa ke yi. Na tuna masa da Inna, ya ce ai tafiyarta sa'i-sa'i ce, albasa kuwa ita ke ciyar da gida, kuma katifa biyu za su wadatar da ita. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauka na yarda.

A shagon kayan gyara mai shago ya aje mini iri biyu. Na ɗauki mai taurin na kafa shi a ƙasa na hau kansa da ƙirjina, da ƙyar ya motsa. Na ɗauki ɗayan, wanda ya dace da motar tun asali, na danna ya shige a hankali ya dawo a hankali. Mai shago ya tambaye ni kaya nake ɗauka ko mutane. Na ce duka biyun. Ya yi dariya ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓi ɗaya. Na zaɓi masu laushin, na hana makanike ƙara sifirin ko ɗaya, na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Tafiyar da ta biyo baya, Inna har barci ta yi a mota. Da ta farka ta tambaye ni ko gwamnati ta gyara hanya ne. Wallahi ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba.

Asirina bai yi nisa ba. Da albasa ta fito aka lafta wa motar lodin da aka saba yi wa sauran, sai bayanta ya zauna. A kwazazzabon farko gindinta ya daki ƙasa, salansa ta fita, dole muka sauke rabin kayan a hanya. Masu lambu suka koma wa wasu motoci, direbobi suka laƙa mata suna motar amarya, in na wuce su riƙa tambaya ko lalle ya kama. Wana ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta ya gani da idonsa. Bai yi mini faɗa a wurin ba, baffanmu ya je ya kira.

Aka zauna a ɗakin Inna tana kwance a kan tabarma. Na shiga da ƙarfin gwiwa, don na san saboda wa na yi. Na faɗi dalilina ban rage komai ba. Baffa ya juya ya ce Inna ta yanke. Inna ta ce ita ba ta aike ni ba, kuma bin na gaba bin Allah ne. Ta ce gara ƙasusuwanta su dagargaje a hanya da a ce a gari ƙarami ya yaudari babba ta dalilinta. Ta ce in miƙa wa yayana makulli. Na miƙa. Ba zan ɓoye ba, na ji haushinta ƙwarai, haushin da ban taɓa zaton ɗa zai ji game da uwarsa ba.

Na kwashe iyalina na koma Konni na kama kabu-kabu. Wana ya sa masu taurin, ya ɗauki wani direba, albasa ta ci gaba da fita. Sau ɗaya suka kai Inna likita a haka. Daga ranar ta ce ta warke, ba ta buƙatar komawa, kowa kuma ya karɓi maganar don ta yi masa daidai. Sai da ƙanwarmu ta aiko a ce mini Inna ba ta ko iya zuwa bayan gida da kanta sannan na zo. Na tarar ƙafar ta ƙanƙance ta yi tauri kamar icce.

Washegari ranar kasuwa ce. Na je wajen wani Bafulatani maƙwabcinmu na aro amalanken shanu, na shimfiɗa katifa, na ɗauko Inna na kwantar da ita. Motar gidanmu na tsaye a ƙofar gida an wanke ta, muka wuce ta gabanta da rana tsaka, muka ratsa tsakiyar gari kowa na kallo. Inna ta rufe fuska tana ta ce mini na tona musu asiri, ni kuwa na riƙe igiyar shanun muna tafiya a hankali har kwalta, inda muka sami motar haya zuwa likita. Likita ya duba ya ce mun makara. Har yau Inna na nan da ranta, amma daga ɗaki zuwa tsakar gida sai an ɗauke ta.

Wana ya ce sau biyu na kunyata shi, yanzu sai a sallah ko wurin gaisuwar mutuwa muke miƙa wa juna hannu. Dattawa na ta aiko mini in je in ba shi haƙuri. Amsata ɗaya ce: ɓoyewar da na yi, wannan zan nemi gafara a kanta ko gobe, don da na tsaya gaban baffa tun farko na ce ba zan sa ba, wataƙila da an sami mafita. Amma zaɓin kansa ba zan tuba daga gare shi ba. A mayar da ni shagon nan yau, masu laushin zan sake ɗauka, kowa ya kira ni mai taurin kai in ya ga dama.

Ƴan'uwana masu tsofaffin motoci a karkara, kafin ku sa wa mota ƙarfe saboda kaya ku tuna wa za ku kwantar a cikinta ranar da ciwo ya shigo gida. In za ku saɓa wa babba a kan gaskiya, ku saɓa masa a fili gaban mutane. Kuma in tsohuwa ta ce muku ta warke, kada ku yi saurin murna. Ku ce ta tashi ta taka ku gani.